Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsofaffin Babura Tsakanin Gareji Da Sikelin 'Yan Gwangwan

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ba zai rasa ganin gawar babur a cikin tulin ƙarafan da 'yan gwangwan ke tarawa ba. Wani lokaci ƙirjin Vespa ne da aka tsaga biyu da wutar walda, wani lokaci tankin Honda Roadmaster ne da ya lotse, ko kuma kan injin Suzuki da aka fasa don a raba alminiyom da baƙin ƙarfe, tun da kowanne da farashinsa. A wannan wuri ba a tambayar shekarar da aka ƙera abu, balle wanda ya hau shi. Sikeli ne alƙali: kilo nawa, naira nawa. Daga nan sai tirela ta kwashe zuwa masana'antun narka ƙarfe na Legas da Ogun, inda babur ɗin da ya yi shekara 20 yana kai wani malamin makaranta wurin aiki zai koma rodin gini.

A watan Janairun 2018, a wani gwanjo da aka yi a birnin Las Vegas na Amurka, an sayar da wani babur ƙirar Ingila mai suna Vincent Black Lightning, na shekarar 1951, a kan dala 929,000. Ban kawo wannan labari don in sa wa kowa kwaɗayi ba, domin kuwa Vespar da ke jingine a zauren gidanku ba za ta taɓa yin wannan kuɗi ba, kuma duk dillalin da ya ce za ta yi, to akwai abin da yake nema. Na kawo shi ne don mai karatu ya ga tazarar da ke tsakanin al'ummar da ta ɗauki tsohon inji a matsayin shaidar tarihi da wadda ta ɗauke shi a matsayin nauyin ƙarfe. Ƙarfen ma shi ne ƙaramar asarar. Babbar ita ce ta mutanen da suka san yadda ake tayar da shi, wato makanikan da suka koyi sana'ar a shekarun 1970 da 1980, waɗanda yau tsufa ya cim musu, ido ya fara rauni, kuma yaran da ke garejinsu ba wannan aikin suka zo koya ba.

Ita kanta kalmar babur tana da nata tarihin. A Larabcin Sudan da na Arewacin Afirka akwai kalmar babur da ake kiran jirgin ruwa mai tururi da ita, da injin ban-ruwa, har ma da risho, kuma Larabawan sun aro ta ne daga kalmar tururi ta harsunan Italiya da Faransa. Akwai masu ganin cewa Bahaushe kwaikwayon rurin injin kawai ya yi. Ni dai na fi karkata ga ra'ayin farko, ganin daɗewar hulɗar Kano da fataken Tarabulus. Ko ma wanne ne, baburan da suka fara ɗaukar wannan suna a ƙasar Hausa na Ingila ne, irin su BSA da Triumph, waɗanda suka shigo a zamanin Turawa. Shi kamfanin BSA na birnin Birmingham asalinsa maƙerin bindigogi ne, shi ya sa tambarinsa bindigogi uku ne a jingine da juna, kuma a shekarun 1950 babu kamfanin da ya kai shi ƙera babura a duniya. Sai dai kash, cikin shekara 20 Japanawa suka yi masa ƙarƙaf. Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu a 1969, babur da ake tayarwa da maɓalli kuma ba ya ɗigar da mai a tsakar gida, zuwa 1973 kuwa BSA ya durƙushe.

Zamanin da babur ya zama na kowa a Arewa shi ne na bayan yaƙin basasa, musamman daga 1975, lokacin da ma'aikata suka karɓi ariyas na ƙarin albashin da hukumar Jerome Udoji ta ba da shawara a kansa a 1974. Da wannan kuɗi, da kuma rancen abin hawa da gwamnati ke bai wa ma'aikatanta, malamin firamare da malamin gona da duba-gari da akawun kotu suka sauka daga keken Raleigh suka hau inji. Kasuwar ta yi ƙarfin da kamfanoni suka ga gara su riƙa harhaɗa baburan a cikin gida. Boulos na harhaɗa Suzuki a Legas, Yamaco na John Holt na kula da Yamaha, a 1979 kuma aka kafa kamfanin Honda na Nijeriya, wanda ya gina masana'antarsa a Ota. Kowane babur da irin mutanensa. Roadmaster mai silinda biyu da salansa biyu ta babban ma'aikaci ce, ko saurayin da ke son a ji isowarsa tun daga bakin layi. Ƙaramar Honda Cub, wadda aka fara ƙerawa a 1958 kuma yawanta ya kai miliyan 100 a 2017, ta ma'aikatan jinya ce da masu lissafin kowane ɗigon fetur.

Amma babu wanda ya shiga jinin Bahaushe kamar Vespa, wadda bakinmu ya mayar Basfa. Kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fito da ita a 1946, kuma wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne da bai ƙaunar babura, saboda a ganinsa ƙazanta ce da su, ga sarƙa mai ɓata tufafi, ga wahalar canza taya. Don haka sai ya ɓoye injin a gefen tayar baya, ya haɗa shi da tayar kai tsaye babu sarƙa, ya sa garkuwa a gaban ƙafafu, ya bar fili a tsakiya yadda mutum zai zauna kamar a kan kujera. Bai san da babbar riga ba, amma sai ka ce don ita ya yi zanen. Alhaji zai tattara rigarsa ya zauna, ya je ɗaurin aure ya dawo, babu ɗigon baƙin mai a jikin shaddarsa. Ma'anar sunan a harshen Italiya kuwa ita ce zanzaro, saboda siririn ƙugu da faɗin baya da kuma irin kukan injin, kuma duk wanda ya kalle ta daga sama zai yarda an yi dacen suna. Ƙanwarta mai ƙafa uku, Ape, wato ƙudan zuma, wadda ta fito a 1948, ita ce kakar A Daidaita Sahun da ya cika titunanmu, ta hanyar kamfanin Bajaj na Indiya da ya fara da ƙera kayan Piaggio bisa lasisi.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin ma'aikaci, wanda yake da tsoho kuma ya fara ɗaukar fasinja da shi bayan an tashi daga ofis, acaɓa ta kafu. Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan Sin irin su Jincheng suka mamaye kasuwa, daga baya Bajaj Boxer ta Indiya ta biyo. Babur ya tashi daga abin alfahari ya koma jakin neman abinci, a more shi shekara biyu ko uku a sayar. Da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, makanikan babur da dama sai suka koma gyaran mai ƙafa uku. A tsakanin waɗannan sauye-sauye ne tsofaffin baburan suka shige zaure da bayan ɗaki, aka ɗora musu buhunan gawayi, har ranar da mai gidan zai rasu, magada su kira ɗan gwangwan.

A wasu ƙasashe wannan mataki ne ake tare abin. A Ingila an kafa ƙungiyar masu tsofaffin babura ta Vintage Motor Cycle Club tun 1946, kuma a ƙa'idarsu ta asali babur ɗin da aka ƙera kafin 1915 rukuninsa dabam, wanda aka ƙera kafin 1931 shi ma dabam, ko da yake suna karɓar duk wanda ya haura shekara 25. Hukumar FIVA, wadda ke haɗa irin waɗannan ƙungiyoyi a duniya, ta sa iyakarta a shekara 30, kuma tana da kundin ƙa'idoji da ake kira Yarjejeniyar Turin, wadda ta fara aiki a 2013. Idan aka bi wannan ma'auni, duk wata Vespa ko Roadmaster ta zamanin Udoji ta daɗe da shiga sahun kayan tarihi. Darasin da ya fi jan hankalina shi ne na gidan tarihin babura na ƙasar Ingila da ke kusa da Birmingham. A watan Satumban 2003 gobara ta tashi a cikinsa ta lalata babura kusan 380. Cikin wata 15 aka sake buɗe shi, aka kuma ci gaba da tayar da waɗanda suka ƙone ɗaya bayan ɗaya. Kuɗi ya taimaka, babu shakka, amma abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne akwai mutanen da suka san kowane noti na waɗannan injuna, akwai littattafan masana'anta, akwai masu ƙera kayan gyara. Da gobarar ta tarar babu su, da kuɗin inshora bai tayar da ko ɗaya ba.

A nan ya kamata a bambance abubuwa biyu da mutanenmu ke cakuɗawa, wato kwaskwarima da garambawul. Kwaskwarima ita ce a kai babur wurin mai fenti ya fesa masa ja mai ƙyalli, a ɗinka sabuwar kujera, a liƙa madubai huɗu da fitilu masu walƙiya, alhali injin na nan da ciwonsa. Wannan ɓarna ce da ta fi ta tsatsa, domin fentin asali sau ɗaya ake yin sa a masana'anta, in aka kankare shi ya tafi ke nan. Masu bin ƙa'idar Turin na ganin duk abin da za a iya ceto shi a yadda yake, to a bar shi, ko da ya dusashe, ko da akwai tabon faɗuwar da mai shi ya yi a 1982. Abin da ya lalace har yana barazana ga lafiyar mahayi ko ta injin shi ake canzawa, kuma a rubuta abin da aka canza. Na yarda da wannan ra'ayi ɗari bisa ɗari. Lambar rajista ta da, irin mai KN ko KD, da takardar kamfanin da ya sayar da babur ɗin, da ɗan littafin da ya zo da shi, duk suna cikin abin da ake adanawa, kuma sau da yawa sun fi madubi da fitila daraja.

Shi kuwa garambawul, farkonsa haƙuri ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fito da babur ɗin da ya shekara 15 a ajiye, a zuba masa fetur, a hau dukan kik. In ringin fistin ya manne da tsatsa, bugu ɗaya ya isa ya karya shi ya kuma ƙarce bangon silinda. Makanikin ƙwarai zai fara da cire fulogi, ya ɗiga mai a ramin, ya bar shi kwana biyu ko uku, sannan ya juya injin da hannu a hankali ya ji ko yana tafiya. Zai duba lambar inji da ta jikin babur ya gwada da takardu, domin a ƙasar da satar babur ta zama ruwan dare, babu hikima a kashe dukiya a kan abin da wata rana za a zo da 'yan sanda a karɓe. Sai tanki. Fetur ɗin da ya daɗe yakan daskare ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan ramukan kafireta, kuma waɗannan ramuka da iska da man wanki ake buɗe su. Wanda ya zura musu waya ko allura ya faɗaɗa su, daga ranar babur ɗin zai riƙa shan mai fiye da ƙima, kuma babu saitin da zai gyara shi.

Injin Vespa da na Honda ba jinsi ɗaya ba ne, kuma rashin sanin haka ya kashe injuna da yawa. Vespa ta da mai bugu biyu ce, ba ta da ma'ajiyar baƙin mai da ke zagaya injin, a cikin fetur ake gauraya man da zai jiƙa fistin. Ga irin waɗanda suka fi yawa a wurinmu, kashi 2 cikin 100 ne ƙa'ida, wato mililita 20 a kowace lita, kuma man da aka yi don inji mai bugu biyu ake nufi. Abin da aka saba gani a bakin titi, inda ɗan bumburutu zai tsiyaya baƙin man mota da ido a cikin galan, shi ke cika salansa da gawayi, ya sa babur hayaƙi kamar ana gasa bulo. Akwai kuma robobi biyu da ke toshe gefunan sandar injin. In ta ɓangaren kuloci ta mutu, injin zai riƙa zuƙar man giya yana fitar da farin hayaƙi. In ta ɗaya ɓangaren ce, iska zai riƙa zuƙa, ya yi zafi, wata rana a tsakiyar hanyar Zariya fistin ya cije. Duk Vespar da ta daɗe a ajiye, a ɗauka waɗannan robobi sun bushe, a canza su kafin a yi maganar fenti. Sannan a leƙa ƙarƙashin wurin ajiye ƙafa, domin a Vespa jikin shi ne ƙashin bayan, babu wani firam a ciki. In ƙasan ya ruɓe, babur ɗin na iya karyewa biyu da mahayinsa. Mai saye ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu: duk inda ya ƙi kamawa, ƙulli aka cusa aka rufe da fenti.

Honda kuwa mai bugu huɗu ce, rayuwarta na ga tsabtar baƙin mai. Ƙananan injunanta na wancan zamani ba su da matatar takarda irin ta mota. Abin da suke da shi ɗan rariya ne da wani kofi mai juyawa wanda ke wurga datti gefe ya tara shi, kuma sau da yawa za a tarar tun da aka sayi babur ɗin ba a taɓa buɗe kofin nan ba. In mai ya yi datti ko ya yi ƙasa, sandar da ke buɗe bawul ita ke fara ci, ta cinye mazauninta na alminiyom, kan injin ya tashi aiki. Saitin bawul na Cub milimita 0.05 ne in injin ya huce, abin da bai kai kaurin takardar jarida ba, kuma da ma'auni ake yin sa. In silinda ta cinye, ana kai ta a faɗaɗa a sa fistin mai girma, kuma Honda ta tanadi matakai huɗu, daga 0.25 zuwa milimita 1.00. Mai gaggawa yakan tsallaka zuwa na ƙarshe don ya huta, bai san ya cinye wa babur ɗin rayuka uku a zama ɗaya ba. Haka nan man motar zamani mai sinadarin rage gogayya bai dace da kulocin da ke wanka a cikin mai ba, santsi zai riƙa yi. A nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galaninsa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke tona asirin wanda bai san aikin ba. Kusoshin baburan Japan masu kan gicciye ba irin na Amurka ba ne, ko da yake sun yi kama. Nasu na bin ma'aunin JIS, sau da yawa da ɗan ɗigo a kan kusar, kuma sukudireban da ba nasu ba zamewa yake yi ya cinye kan, daga nan sai a ɗauko guduma da kurfi. Duk murfin injin da ka ga an sassare gefensa, wannan ne tarihinsa. Baburan Ingila kuma notinansu na ma'aunin Whitworth ne da danginsa, sufanar milimita ba ta zama daidai a kansu. Ga kuma wutar tsofaffin, wadda da yawa mai bolt 6 ce, ana kunna fulogi ta hanyar wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, da ake saita tazararsu tsakanin milimita 0.3 da 0.4, tare da kwandansa. Yaron da ya buɗe ido a kan baburan da ke da akwatin wuta na zamani, wanda in ya mutu cirewa ake yi a jefar, bai taɓa ganin wannan ba. Dattijon da ya koya a 1978 kuwa da kunne yake gane cewa wutar ta yi gaba ko ta yi baya.

Yanayinmu na da nasa hukuncin. Bushewar iskar Arewa rahama ce ga ƙarfe, shi ya sa Vespar da ta kwana 40 a Fatakwal za ta fi wadda ta shekara a Katsina tsatsa. Amma zafin da ya ceci ƙarfe shi ke kashe roba da fata da rigar waya, ƙurar hunturu kuma in ta samu hanya ta matatar iska, sai ta zama kamar takardar goge katako a cikin silinda. Taya ma tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tun daga shekarar 2000 ana buga lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, saboda haka 1219 na nufin mako na 12 na 2019. Wadda aka ga lambobi uku a jikinta ta girmi wannan ƙarni, kuma komai kyan zanenta ba abin hawa ba ce. Bayan an gama gyara, maganin da ya fi kowanne shi ne a riƙa hawa. Gidan adana kayan tarihin Honda da ke Motegi a Japan, wanda aka buɗe a 1998, ya shahara da kula da injunansa yadda za su iya tashi, har ana fito da su fili ana zagayawa. Babur ɗin da ake kai wa masallacin Juma'a kowane mako ya fi wanda aka lulluɓe da zane lafiya.

Batun kayan gyara bai kai yadda ake tsoro ba. Indiya ta ƙera Bajaj Chetak, wadda jinin Vespa ce, daga 1972 har tsakiyar shekarun 2000, kamfanin LML kuma ya yi irin samfurin PX da Piaggio ta fito da shi a 1977, don haka har yanzu ana samun kayan da za su shiga. Na Honda Cub kuwa ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya cike suke da su. Matsalar ita ce rarrabe gangariya da jabu, domin araha ba ta ado, kuma ringin jabu na iya cinye silindar da ta yi shekara 45 lafiya cikin wata uku. Abin da ba a samu ba kuwa, maƙeran Fanteka da masu injin sassaƙa ƙarfe na Kano za su iya yin sa in an ba su samfuri da ma'auni. Mutanen da ke ƙera injin markaɗe daga tarkace ba za su gaza da marfin akwatin batir ba.

Akwai wata dukiya a garejin da ba a cika lura da ita ba, wato harshe. Makanikan nan su ne suka yi wa Hausa aikin da babu wani kwamitin fassara da ya yi mata. Sun karɓi kalmomin Ingilishi suka sarrafa su bisa ƙa'idar Hausa ba tare da sun san sunan ƙa'idar ba. Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, sai suka raba su da wasali, aka samu fulogi da kuloci da birki da giris. Hausa ba ta da sautin da Bature ke farawa da shi a sunan fistin, sai suka sa wanda ya fi kusa. Wasu kalmomin kuma suka lanƙwasa su daidai da bakinsu, aka samu kafireta da salansa da totur da shakazoba. A ƙetaren iyaka, a Maraɗi da Damagaram, inda Faransanci ne mai ba da aro, fulogin nan buji ne, babur kuma moto. Mafi ban sha'awa ita ce kalmar garambawul kanta, wadda asalinta kwance inji ne baki ɗaya a sake ɗaura shi, amma ta fita daga gareji ta shiga fadar gwamnati, har yau in shugaba ya sauya ministoci sai gidajen rediyo su ce ya yi wa majalisarsa garambawul. Waɗannan su ne suka yi sa'a suka shiga ƙamus. Akwai wasu da yawa, sunayen ƙananan sassa da na cututtukan inji da na irin ƙarar da kowace cuta ke yi, waɗanda ba su taɓa hawa takarda ba, kuma suna bakin mutanen da ke barin sana'ar. In sashen inji ya daina zuwa gareji, sunansa ma yakan daina fitowa daga baki. Ɗalibanmu na sassan Hausa da ke ta maimaita nazarin karin magana a littattafai uku ko huɗu, da za su ɗauki rikoda su zauna wata guda a garejin mai gyaran Vespa, da sun dawo da kundin da babu irinsa a ɗakin karatu.

Na san abin da wani zai ce: a lokacin da buhun shinkafa ya gagari ma'aikaci, wa ke da sukunin wasa da tsohon babur? Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne a Turai wannan harka ta masu rarar kuɗi ce. Haka kuma gaskiya ne inji mai bugu biyu na ƙazantar da iska, kuma babu mai hankalin da zai so a mayar da titunan Kano zamanin hayaƙin acaɓa. Sai dai 'yan ɗaruruwan baburan da za a ceto ba su ne za su turnuƙe gari ba. Kuma a wurinmu lissafin ya sha bamban da na Turai, musamman tun bayan cire tallafin fetur a 2023. Tsohuwar Cub da aka yi wa gyaran ƙwarai abin hawa ce ta yau da kullum mai ƙarancin shan mai, wadda aka ƙera don a riƙa gyara ta, kuma kuɗin gyaran a aljihun makanikin unguwa da mai walda da mai ɗinkin kujera yake tsayawa. Yaron da ya koyi auna silinda da saita bawul da karanta littafin masana'anta ya samu ilimin da zai yi masa aiki a kan janareta da injin ban-ruwa da duk wani abu mai fistin. Wanda ya koyi cirewa da jefarwa kawai, ranar da kayan suka daina zuwa daga Sin, sana'arsa ta tsaya.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Kwalejojin kimiyya da fasaha na Kaduna da Kano da sauransu na iya ɗaukar irin waɗannan dattawa a matsayin masu koyarwa na wucin gadi, a biya su, ko da ba su da takardar shaida, a kuma sa ɗalibai su rubuta abin da suke faɗa da Hausar da suke faɗarsa. Gidan tarihi na ƙasa da ke Legas ya adana motar da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta a 1976, kuma ya kyauta, amma tarihin ƙasa bai ƙare a kan shugabanni ba. Gidan Makama a Kano ko Gidan Arewa a Kaduna ba za su rasa kusurwar da za a ajiye Vespa ɗaya da Roadmaster ɗaya da Cub ɗaya ba, kowanne da takardunsa da bayanin wanda ya hau shi da aikin da ya yi. Masu sha'awar abin, waɗanda yanzu kowa ke fama shi kaɗai, su haɗa kansu su buɗe rajistar lambobin inji, wadda za ta taimaka wajen gano na sata, su kuma riƙa musayar kayan gyara. Magada kuma, in an zo rabon gado aka iske tsohon babur a bayan ɗaki, kafin a kira mai sikeli a fara kiran tsohon makanikin unguwa ya duba shi, a kuma bincika akwatin marigayin, domin galibi takardun na nan a ƙasan kaya, a naɗe cikin leda.